Zaki, Maharbi ko Hanyar Lori: Me Ya Cinye Namun Dajin Dindir?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin makaranta, mutumin Mai Wurno ta ƙasar Sudan, wanda danginsa ke noma a gefen kogin Dindir. Ya ce gardama ta kaure a majalisarsu. Dattawa suna ba da labarin zamanin da ake ganin raƙumin dawa da garken dari, yau kuwa ko gada sai an sha wuya kafin a gani. Wasu sun ce zaki da kura ne suka cinye namun daji tunda hukuma ta hana a taɓa su, wasu sun ce maharba ne, wani kuma ya ɗora laifin a kan hanyoyin da masu gawayi da masu saran itace ke buɗewa. Yana son ya san wanne ne gaskiya, kuma ko namun daji za su dawo idan aka rage kuraye.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, domin ka taɓo abin da na daɗe ina aiki a kansa, kuma yana ci mini rai. Bari in faɗi matsayata tun da wuri. A cikin ukun nan zaki da kura ne suka fi ƙarancin laifi. Farauta ita ce ke kashewa, amma hanya ce ke kai farauta matsayin da daji ba zai iya jurewa ba. Akwai kuma abu na huɗu da majalisarku ba ta ambata ba, wanda a Dindir nake ganin ya fi sauran nauyi, zan zo kansa.

Dattawanku ba su ƙara gishiri ba. An keɓe gandun dajin Dindir a 1935, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000 a tsakanin jihohin Sinnar da Gadarif da Nilul Azraƙ har zuwa iyakar Habasha, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kula da su a 1979. Ƙidayar da aka riƙa yi tsakanin 1971 da 2001 ta nuna gwambaza ta ragu da kashi 85 cikin 100, kwanta-rafi da kashi 72, batsiya da kashi 68. Babbar barewar nan da Larabawa ke kira aryal ta ɓace gaba ɗaya, raƙumin dawa ya bi ta a shekarun 1980, karkanda da dorina kuwa tun kafin nan aka daina ganinsu. Shekara talatin ke nan, abin da mutum ɗaya zai gani da idonsa tsakanin samartaka da furfura.

To, mu ɗauki zaki. Ka tambayi dattawan nan, a zamanin da suke ganin garken dari, zaki ya fi yawa ne ko ya fi ƙaranci? Za su ce maka ya fi yawa, har kukansa kan hana barci. Zaki da ɓauna sun yi dubban shekaru a daji ɗaya ba tare da ɗaya ya ƙarar da ɗaya ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai cin nama cikinsa ne iyakarsa. Zaki babba na bukatar kamar kilo 5 zuwa 7 na nama a rana idan aka daidaita, ya ƙoshi ya kwanta. Yawancin farmakin da yake kaiwa ba ya kamawa, wanda yake kamawa kuma galibi ɗan ƙarami ne, ko tsoho, ko mai rauni, ko wanda ya ware daga garke. Da yawa daga cikin waɗannan ko babu zaki ba za su ga damina ba, yunwar ƙarshen rani ko ciwo zai ɗauke su. Mafi muhimmanci shi ne, idan nama ya yi ƙaranci zaki ne ke fara shan wahala. Zakanya ta rasa nono, 'ya'yanta su mutu, yawan zakuna ya sauka, abin da ya rage na nama ya sami sararin hayayyafa. A 2016, Hans Bauer na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun tabbatar da akwai zakuna a gandun Alatash na Habasha wanda ke manne da Dindir, suka ƙiyasta zakunan dazuzzukan biyu tsakanin 100 zuwa 200. A faɗin ƙasa irin wannan, adadin ɗan kaɗan ne.

Ga wata hujja da kowa a majalisarku zai iya aunawa da kansa. Mugun dawa na cikin naman da zaki ya fi so, kura ma ba ta ƙyale 'ya'yansa. Amma duk wanda ya shiga Dindir ya san mugun dawa yana nan birjik, ga gwaggon biri ko'ina. Da masu cin nama ne suka share daji, da mugun dawa na cikin na farkon tafiya. Abin da ya raba shi da gwambaza shi ne Musulmi ba ya cin namansa, ba shi da kasuwa a garuruwanmu. Gaskiya ne yana da saurin haihuwa, mace kan haifi biyu zuwa huɗu a lokaci ɗaya, wannan ma ya taimake shi. Duk da haka, dabbobin da suka ragu su ne waɗanda tukunyarmu ke karɓa, waɗanda suka tsira su ne waɗanda take ƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ina cewa masu cin nama ba su da wani tasiri ba ne. A Serengeti ta Tanzaniya, inda aka shafe shekaru da dama ana bin diddigin dabbobi, an gano cewa ƙananan dabbobi irin su batsiya kusan duk mutuwarsu a bakin masu cin nama take, domin kowa na iya kama su, daga dila har zaki. Manya irin su ɓauna da raƙumin dawa kuwa ciyawa da ruwa da cuta ne ke ƙayyade yawansu. A can ne kuma aka ga ƙarfin cuta. Da aka yi wa shanun da ke kewaye allurar bushiya a farkon shekarun 1960, wata dabba dangin dari mai suna nyumbu ta tashi daga kusan 250,000 zuwa sama da miliyan ɗaya kafin ƙarshen shekarun 1970, zakuna da kuraye na nan suna ci, su ma yawansu ya ƙaru.

Inda mai cin nama ke zama haɗari na gaske shi ne inda mutum ya riga ya lalata tsarin wurin. Idan garke ya koma 'yan tsiraru, ko guda biyar zaki ya ci a shekara ya isa ya hana shi tashi. Haka idan fadamun nan da muke kira maya suka cike da laka suka ƙafe da wuri, dabbobin da ada ke warwatse a mashaya da yawa sai su taru a 'yan kaɗan, zaki ya san inda zai kwanta ya jira. Misalin da ya fi fito da wannan fili daga Kanada yake. Suna da wata dabba mai ƙaho kamar rassan itace, ana kiranta karibu, wadda dabararta ta tsira ita ce ta zauna can cikin tsohon daji mai dausayi inda kerkeci ba ya son shiga. Kamfanonin katako da masu neman mai suka tsaga dajin da hanyoyi miƙaƙƙu. Da aka ɗaura wa kerkeci na'urar bin sawu a lardin Alberta, sai aka ga a kan waɗannan hanyoyi yana tafiya ninki biyu zuwa uku na saurin da yake yi a cikin kurmi. Ga kuma sabon tsiro da ke fitowa inda aka sare itace, ya jawo wasu dabbobi masu cin ganye, su kuma suka ƙara yawan kerkeci. Karibu ta riƙa ƙarewa. Lardin British Columbia ya shiga harbe kerkeci daga jirgi tun 2015, wasu garkuna sun ɗan farfaɗo, amma dole a maimaita harbin kowace shekara, domin hanyoyin na nan kuma wasu kerketan na shigowa. Kerkeci ne ya ci, amma wanda ya share masa hanya shi ya jawo asarar.

Yanzu farauta. Duk lissafin namun daji a kan mace yake, nawa take haifa, yaushe take farawa, nawa ke rayuwa. Zabuwa na saka ƙwai goma ko fiye a damina ɗaya. Kwanta-rafi ɗa ɗaya take haifa bayan wata bakwai da 'yan kwanaki. Ɓauna cikinta wata 11 ne, kuma sai ta kai shekara huɗu zuwa biyar take haihuwar fari. Raƙumar dawa wata 15, giwa wata 22, sannan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Garken giwa ko da komai na tafiya daidai da wuya ya ƙaru da fiye da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a shekara. Ka ga ke nan idan giwaye 100 ne, aka kashe goma a shekara, garken na raguwa ko da mutane na ganin kamar ba a taɓa komai ba. Shi ya sa manyan dabbobi ke fara ɓacewa, zabi da zomo su daɗe.

Maharbin zamanin da, mai kwari da baka ko bindigar toka, ya fi kusa da zaki a halinsa. Da ƙafa yake tafiya, abin da kafaɗarsa ko jakinsa zai ɗauka shi ne iyakarsa, idan nama ya yi nisa ya haƙura ya koma gona ko kamun kifi. Kuma sana'ar tana da sarki da ƙa'ida da lokaci. Maharbin kasuwa ba haka yake ba. Cikinsa ba shi ne ma'auninsa ba, ƙarancin nama kuma ba ya rage shi kamar yadda yake rage zaki, sai ma ya ƙara wa naman tsada ya ƙara masa ƙaimi. Wannan bambancin shi ne zuciyar maganar. Daji na iya ɗaukar mai kisa wanda yawansa ke sauka idan nama ya sauka. Wanda kasuwar Sinja ko Gadarif ko Wad Madani ke ciyarwa, ba ruwansa da ko saura nawa.

Abin da na fi tsana a kayan farauta shi ne tarkon waya, ya fi bindiga ɓarna. Mutum ɗaya zai ɗana ɗaruruwa da wayar birkin keke ko ta cikin tsohuwar taya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Waya ba ta san mace mai ciki ba, ba ta san zaki ba. Ba kullum ake zagayawa ba, don haka wani naman a wurin yake ruɓewa, babu wanda ya amfana, ga azabar da dabbar ta sha kwana da kwanaki. Bayan ita sai farauta da mota da fitila da dare. Ku da ke da 'yan'uwa a Saudiyya, ku tambaye su labarin maririn Larabawa. Dubban shekaru Badawiyawa na farautarsa a kan raƙumi bai ƙare ba. Da mota mai tafiya cikin rairayi da bindiga mai sarrafa kanta suka zo, cikin 'yan shekaru aka share shi, na ƙarshe a daji an kashe shi a Oman a 1972. Sai da aka hayayyafa shi a killace sannan aka sake shi a Oman a 1982, a Saudiyya kuma a Mahazat as-Said a 1990 da Uruƙ Bani Ma'arid a 1995. An yi nasara, amma da kuɗin da mu ba mu da shi.

Wani bincike da aka yi a Gana ya shafe mu sosai, mu da muke da masunta da yawa a bakin Nilu da Rahad da tafkin Rusairis. An duba bayanan kusan shekara talatin, aka ga duk shekarar da kifi ya yi ƙaranci a kasuwa, maharba na ƙaruwa a cikin gandun daji, namun daji na raguwa sosai. Mutane miya suke nema. Duk wanda ke son kare daji ba tare da ya duba abin da talaka zai sa a tukunya ba, aikin banza yake yi.

Sai hanya, wadda ita ce ke haɗa duk waɗannan. Abin da ke kare dabba a daji tun fil azal shi ne nisa. Nama na ruɓewa, yana da nauyi, ruwan sha na ƙare wa maharbi. Saboda haka a kowane babban daji akwai tsakiya inda ƙafar mutum ba ta cika kaiwa ba, can dabbobi ke hayayyafa, rarar ta bazu zuwa gefe inda maharba ke samu. Muddin tsakiyar nan na nan, ana iya farauta a gefe shekara da shekaru. Ranar da hanyar mota ta ratsa ta, tafiyar kwana huɗu ta koma ta yini ɗaya, kayan jaki ya koma kayan lori, kuma babu sauran inda rara za ta fito.

An fi ganin wannan a dazuzzukan Kwango da Gabon da Kamaru, inda kamfanonin katako ke aiki. Abin mamaki, itacen da suke sarewa ba shi da yawa, bishiya ɗaya ko biyu a hekta, daga sama dajin na nan kore shar. Amma don su kai ga waɗannan bishiyoyi sai sun tsaga hanya mai tsawo. Tsakanin 2003 da 2018 tsawon hanyoyin da ke cikin filayen kamfanonin katako a yankin Kwango ya ninka. Ma'aikata na bukatar nama, motar da ta fito da gungume ta fito da nama, ta koma da harsashi da waya. Giwar kurmi ta ragu da kashi 62 cikin 100 tsakanin 2002 da 2011, kuma masu bin sawunta sun ga tana gudun duk hanyar da ba mai tsaro, har ta ƙi tsallakawa, ta takure a wuri ɗaya. A Amazon ta Barazil kusan kashi 95 cikin 100 na dajin da aka sare yana cikin 'yan kilomitoci daga hanya ko kogin da jirgi ke bi.

Mu a nan ba mu da irin waɗancan kamfanoni. Namu shi ne dajin sunut, wato bagaruwa, na bakin Nilu wanda tun zamanin Turawa ake yanka don shimfiɗa layin dogo, da talha, wani itacen ƙaya da ake ƙonawa gawayi, da aduwa da goruba da kurna na bakin ƙorama. Amma yadda abin ke gudana iri ɗaya ne, kuma a jere yake zuwa. Mai gawayi ya kafa kamina, wato wurin ƙona gawayi, lori ya bi ya ɗauko buhuna, sawun tayarsa ya zama hanya. Ma'aikatan da ke kwana a wurin su ɗana waya don miya. Direba ya lura cewa sharmut, busasshen naman nan, ba ya cin wuri a ƙarƙashin buhunan gawayi kuma ya fi gawayi riba. Masu ɗiban zuma su biyo da wuta. Makiyayi ya ga hanya ta kai ruwa. Ƙarshe tarakta ta zo, tunda an riga an sare itacen, a ce fili ne. Kowannensu neman halalinsa yake yi, ban ce mugaye ba ne, amma babu ɗayansu da zai kai wurin da babu sawun lorin farko. Kura ma na bin hanyar, domin ta fi sauƙin tafiya da dare kuma tana kai ta sansani da garke.

Sai dai kada a ce kowace hanya musiba ce, wannan ma kuskure ne. Ƙasar Dindir baƙar laka ce, daga Yuni zuwa Oktoba mota ba ta motsi. Shekaru da yawa masu gadin gandun kan janye idan ruwa ya sauka, masu satar farauta kuwa da ƙafa da raƙumi suke shiga, laka ba ta hana su. A gandun Zakuma na Chadi, mahaya dawaki ne suka rage giwaye daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010, ba su bukaci hanya ba. Da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da wurin a 2010, cikin abin da ta fara yi har da gyara hanyoyi da filayen saukar ƙananan jirage don masu gadi su zauna rani da damina, kisan ya kusa tsayawa cak. A Gabon da Kwango kuma, wani bincike da aka fitar a 2024 ya nuna cewa filayen katako da ake sa shinge a hanya, ake binciken motoci, ake sayar wa ma'aikata nama mai araha, ake toshe hanya idan an gama aiki, manyan dabbobinsu sun ninka na sauran filayen fiye da sau biyu. Saran itacen ɗaya ne. Abin tambaya a kan kowace hanya shi ne wa ke tsaye a bakinta, kuma wa zai rufe ta idan aikinta ya ƙare.

Abu na huɗu da na yi alkawari shi ne wurin damina. Waɗanda suka shata iyakar Dindir a 1935 wurin rani suka kewaye, inda maya da kududdufan kogi suke. Idan ruwa ya sauka laka ta kama, ciyawa ta fi mutum tsawo, ƙuda ya yi yawa, dabbobi irin su dari da aryal da gwanki da raƙumin dawa da jimina sai su fita zuwa filayen da ke wajen gandun, can suke kiwo, da yawansu can suke haihuwa, su dawo da kaka. A lokacin filayen nan babu kowa sai makiyaya masu wucewa, don haka ba wanda ya ga bukatar kare su. Noman tarakta ya fara a Gadambaliya kusa da Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, aka kafa hukumar noman inji a 1968, dokar 1970 ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, aka yi ta yanka mashru, wato manyan gonakin inji, ana bai wa masu hali, wasu ma ba da izini ba, har dawa da riɗi suka zo bakin iyakar gandun. Dabba ta fito da damina kamar yadda iyayenta suka saba, ta tarar da gona da ma'aikata da bindiga. Ka duba jerin waɗanda suka ɓace ko suka kusa, za ka ga yawancinsu masu wannan ƙaura ne. Waɗanda suka saura su ne masu zama kusa da kogi shekara duka.

Gonakin nan ba namun daji kaɗai suka kora ba, sun cinye burtali da makiyaya. Farin 1984 da 1985 ya turo jama'a da dabbobi daga yamma, rabuwar Sudan ta Kudu a 2011 ta toshe wa makiyaya da yawa hanyar da suke bi da rani. Ina za su? Sai cikin gandun. Shanu da tumaki su shanye maya, su tattake bakinta, su kawo cuta. Bushiya dai an kawar da ita daga duniya a 2011, alhamdu lillahi, amma sauran cututtuka na nan. Zaki ya ga saniya a mashayarsa ya kama, makiyayi ya ji zafi ya zuba guba a mushe. Ina tausayin makiyayin nan ƙwarai, domin shi ma korarre ne. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya iso Sinja da garin Dindir a 2024, ya ƙara dagula komai. Makamai sun yawaita a hannun mutane, gas ya yi wuya kowa ya koma gawayi, 'yan gudun hijira na neman abin ci, masu gadi kuma da ƙyar suke riƙe wurarensu.

To, idan aka rage kuraye namun daji za su dawo? A'a, Malam, kuma za ku sayo wata wahalar. A gandayen Gana, da zaki da damisa suka ƙare, gwaggon biri ya yawaita ninki-ba-ninki, ya addabi gonaki har ana hana yara zuwa makaranta don gadin hatsi, yana kuma cin 'ya'yan barewa da ƙwan tsuntsaye. Ku manoma ne, kun san abin da garken biri da mugun dawa ke yi wa gona a dare ɗaya. Ita kuwa guba ba ta zaɓe. Mushe ɗaya mai guba na iya kashe kuraye da dila da karnukan gari da ungulu bila adadin, a Botsuwana a 2019 ungulu sama da 500 suka mutu a wuri ɗaya. Kura da ungulu su ne ke share mushe kafin cuta ta yaɗu. Kurar da ta saba da shiga gari tana ɗaukar awaki, wannan a kai ƙararta ga 'yan sandan kare namun daji su ɗauki mataki a kanta ita kaɗai. Sauran maganin a gida yake, shingen ƙaya mai kauri da tsawo wanda dabba ba ta hango na ciki, ƙofa mai ƙarfi, kare, fitila, a daina barin awaki a waje bayan magariba, a kuma daina zubar da mushe da kayan mahauta a bayan gari, don shi ke koya wa kura hanya.

Abin da ke hannunku a matsayin jama'a ya fi abin da kuke zato. Kuna da sarki da umda da shehunan unguwa da limamai, maganarsu na da nauyi. Duk hanyar gawayi da aka buɗe a dajin da ke kusa da ku, a san wanda ya buɗe, a ɗaure shi da sharaɗin toshe ta idan ya gama, rami da gungume a bakinta sun isa, damina biyu ko uku ciyawa da ƙaya za su rufe sauran. A hana buɗe sabuwa zuwa ga ruwa, domin mashaya ita ce wurin da dabba ba ta da zaɓi sai ta zo. Cikin gandun dai dokar 1986 ta hana farauta kwata-kwata. A wajensa, inda doka ta yarda, maharba da kansu su dawo da ƙa'ida, ba waya, ba fitila, ba mace, ba kwanto a bakin ruwa da rani. Farauta halal ce, babu mai ja, amma ɓarna da azabtar da dabba ba halal ba ne, kuma keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a addininmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Abin da ya fi ƙarfinku, wato buɗe burtali da barin fili tsakanin gonakin inji da iyakar gandun da yashe hanyoyin ruwan maya kamar yadda aka taɓa yi a farkon shekarun 2000, wannan sai ku dage da neman sa wurin hukuma idan ƙura ta lafa, ku da makiyaya baki ɗaya, domin bukatarku ɗaya ce.

Ka shaida wa dattawa cewa wasu dabbobin za su iya dawowa tun suna raye. Kwanta-rafi da gwambaza da batsiya da mazo da ɓauna duk akwai irinsu a Dindir, idan suka sami ruwa da 'yan shekarun hutu za su hayayyafa. Ɓaunar Zakuma kusan 220 ce ta rage a 1986, yau ta haura 10,000, kuma zakunan wurin na nan suna cin rabonsu. Raƙumin dawa da aryal kuwa ba su da sauran iri a kusa da za su tako da ƙafarsu. Su sai an ɗauko daga wata ƙasa a mota, kuma babu amfanin ɗauko su sai an fara samar musu inda za su yi damina.